Saniyar da Hammajoda Ya Bayar

Da hantsi Yakura ta shigo kwamisariyar 'yan sandan Gure, lulluɓinta na jan ƙasa. Sufeto Zulkiflu Garbai ya san ta. Ita ce shugabar sabuwar ƙungiyar unguwarsu, masu tara abin sayen moto mai ƙafa uku don kai mata masu naƙuda likita.

"An sace saniyar ƙungiya jiya, Sufeto. A gidana take ɗaure. Yanzu unguwa cewa take ni na sayar."

"Kin sayar?"

"Da na sayar, da ka ga sabon zane a jikina."

Ya ce ta faro daga tushe. Sun fara da tuyar ƙosai da dama fura ranar kasuwa, ribar ta ƙare a mai da itace. Suka yi gayya a lambunan kwari, suka yi adashe, duk tafiyar hawainiya. Sai aka kawo shawarar a kira taro, kowa ya ba da dabba, a turke, a sayar. Aka ɗauko sanƙira da lasifika yana kiran mutane ɗaya-ɗaya. Ba mai jin sunan ubansa a lasifika ya zauna shiru. Dabarar ke nan, kuma ta ci. 'Yan kanti suka ba da raguna. Da aka zo kan Hammajoda, wani dattijon makiyayi, ya miƙe ya ce saniya. Mata suka rangaɗa guɗa.

"In kasuwa ta ci ba a gan ta ba, kowa ya ce zai kwance ragonsa," in ji Yakura. "Ƙungiya ta mutu, ni in zauna da sunan ɓarauniya."

Sufeto ya bi ta gida. Raguna na nan a turke, sun yi ƙiba har suna nishi. Igiyar saniyar kuwa ba yanka ta aka yi ba. An kwance ta, an naɗe, an rataya a turke. Ya duba rairayi. Sawun mutum a gaba, na saniya a baya, ba alamar turjiya.

Ɓarawon da ya bar raguna, ya tsaya naɗe igiya. Sufeto ya daɗe yana aiki, bai taɓa gamuwa da mai ladabi irin wannan ba.

"Wa ya zo duba ta kwanan nan?"

"Sha'ibu dillali."

Ya sami Sha'ibu a bakin kasuwar dabbobi yana shan shayi.

"Wallahi ko launinta ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Yakura ta ce har bakin saniyar ka buɗe ka duba haƙora. Mu ƙarasa maganar a kwamisariya?"

Sha'ibu ya ajiye kofi. "To, na gan ta. Na samo mata mahauci. Tsoro na ji kada a ɗora mini."

"Wa ka faɗa wa maganar mahaucin?"

"Hammajoda. Na ce albishirinka, saniyarka za ta yi daraja. Sai ya juya ya tafi." Ya sosa ƙeya. "Kuma shaidar da ke kunnenta ba ta gidan su Hammajoda ba ce. Irin ta mutanen Kelle ce."

Zangon Hammajoda na bayan gari, tsakanin tuddan yashi. Ba garke, sai akuyoyi kaɗan da maraƙi guda yana kuka a ɗaure.

"Sannu, Baffa," in ji Sufeto. "Ina ka wuni jiya?"

"Bune na tafi, gaisuwar mutuwa."

"Allah ya jiƙan rai. Wa ya rasu?"

Dattijon ya hau murza sanda.

"Maraƙin nan ina uwarsa?"

"Ta mutu."

"Amma bakinsa da danshin nono, Baffa."

Kamar an kira ta, saniya ta amsa kukan ɗanta daga cikin kwari, bayan bishiyoyin goriba. Hammajoda ya zauna a ƙasa.

"Ba tawa ba ce," ya ce. "Habbanaye ce. Shekarar da fari ya cinye shanuna, Husseini na Kelle ya ba ni ita. In riƙe ta haihu, 'ya'yan nawa, uwar ta koma wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita. Ko bugunta ba a yi."

"Me ya sa ka bayar?"

"Sanƙira ya kira ni ɗan mai shanu dubu. Jama'a suka juyo suna kallona. In ce akuya?" Ya share fuska da rawani. "Na ɗauka za a riƙe ta har in sami abin musanya. Sai na ji maganar wuƙa."

"Ka bar matar mutane tana shan zagi."

"Na sani."

Yakura, da ta biyo Sufeto a mota, ta tsaya tana kallonsa. Sunanta ya wanku. Sayen moto kuwa ya ƙara nisa.

"Da ka zo ka faɗa mini, Baffa, da na kwance maka ita da hannuna."

"Da wane baki, 'yata?"

Sufeto ya ce dole a tafi kwamisariya, tunda an riga an shigar da ƙara. Bai fito da ankwa ba. Hammajoda ya kwance maraƙin ya sake shi wajen uwarsa, sannan ya nufi mota. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Sufeto, in labari zai kai Kelle, a ce sata na yi. Kada a ce na taɓa bayar da ita."

"Sata gidan kaso take kaiwa, Baffa."

"Kaso ana fitowa," in ji dattijon, ya shiga.