Yaɗiyar Goggo

A garin Ɗanzomo akwai wata yarinya 'yar aji huɗu mai rawar kai. Ba ta iya zama wuri ɗaya. In za a aike ta, kafin a gama faɗin saƙo ta kai zaure.

Lokacin bazara ne. Zafi ya tsananta, hadari sai ya haɗu ya watse. Ganye ya yi wuya a gari. Ran nan ta dawo daga makaranta, sai mahaifiyarta Iya ta miƙa mata ƙwarya.

"Je ki bayan gari ki tsinko mana yaɗiya mu yi kwaɗo. Ganyen kawai za ki tsinka, ki bar..."

"To, Iya!" Tuni ta fice.

Bayan gari da nisa. Ga shi ƙawarta Tayyiba na jiran ta su yi 'yar carafke. Sai ta hangi yaɗiya ta naɗe wata magarya a bakin hanya, daf da gidan Goggo. Goggo tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ita kaɗai take zaune a gidan ƙarshe na unguwar.

Yarinya ta fara tsinka ɗaya-ɗaya. Ta leƙa ƙwarya, ko gindinta bai rufe ba.

"Kai! Yaushe zan gama?"

Ta kama igiyar yaɗiyar da hannu biyu ta fincike ta, har da saiwa. Ta tsige ganyen kaf, ta yar da igiyar a rana, ta ruga gida.

Washegari za ta makaranta, sai ta ga Goggo a gindin magarya. Ta dogara sanda, ga ƙoƙo babu komai a ciki, ga igiyar ta yi yaushi a hannunta.

"Ina kwana, Goggo?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Dubi abin da aka yi mini."

"Ko... ko awaki ne?"

"Haba! Akuya ta fi haka hankali. Ganye take ci, ta bar gindi. Shekara uku ina tsinkar ƙoƙo ɗaya kullum, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli in ci. Ƙafata ba ta kai ni bayan gari."

Yarinya ta gane ɓarnar da ta yi. Ta wuce sumi-sumi.

A aji ta kasa zama. Ta juya nan, ta juya can, ta ciji biro. Ƙoƙon nan kawai take gani.

Malama Zakiyya ta ce, "Ke, bencin ƙaya gare shi?"

Aka yi dariya. Ita kuwa sai hawaye. Da aka fita tara, ta faɗa wa Malama komai.

"Amma Malama, ai ba wanda ya shuka ta. Ba ta kowa ba ce."

"Shi ya sa ta zama ta kowa. Kin ci rabonki, kin haɗa da na Goggo, da na gobe. Je ki faɗa wa Iya gaskiya."

Iya ta ji, ta riƙe haɓa. "Da kin tsaya kin ji ƙarshen maganata! Sauri ya haifi nawa. Tashi mu je."

Yarinya ta durƙusa gaban Goggo, kunya ta rufe ta. "Goggo, ni ce akuyar. Ki yafe mini."

Goggo ta yi dariya har da tari. "Na yafe, 'yar nan. Zo ki gani." Ta tona ƙasa da sandarta. Ashe guntun saiwa ya saura.

Yarinya ta rufe shi da ƙasa, ta kewaye shi da ƙaya, ta zuba masa ruwa. Kullum bayan makaranta sai ta tafi bayan garin da ta ƙi zuwa, ta ciko ƙoƙon Goggo. Ta tsinki kaɗan a nan, kaɗan a can. Tayyiba ma ta riƙa raka ta.

Sau uku a yini take leƙa gindin magarya.

"Ke!" in ji Goggo. "Irin wannan leƙe, ai kunya sai ta hana ta fitowa."

Bayan mako biyu ruwan farko ya sauka. Kwana huɗu da ruwan, sai ga ganye biyu kore shar sun ɓullo.

"Goggo! Goggo! Ta fito!"

Hannunta ya kai kan ganyen. Sai ta tsaya, ta mayar da shi baya.

"Ba yanzu ba," in ji yarinya. "Sai ta hau magarya."

Goggo ta dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka. Yau akuyata ta yi hankali."

Tun daga ranar ta riƙe darasinta: abin da Allah ya fitar a daji na kowa ne. Ka ɗebi na yau, ka bar gindi domin gobe, da kuma wanda zai zo bayanka.