Layin da Ke Jikin Gwangwani

Ana idar da sallar azahar Salim ya shigo caji ofis, idanunsa jawur, ya ce a kama mai dafa musu abinci. Mahaifinsa, Alhaji Abdussalam na Zaitawa, ya rasu jiya, kuma likita ya ce abin da yake ci ne ya fi ƙarfin ƙodarsa.

Sufeto Maharazu ba ya son ƙarar da aka kawo da hawaye, don ya san mai baƙin ciki neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi. Duk da haka aka ɗauko mai dafa abincin, Ya Kaka, tsohuwa 'yar asalin Barno wadda ta goyi Salim a bayanta.

"Wace doka likita ya kafa masa?" Sufeto ya tambayi Salim.

"Komai da awo, yallaɓai. Baba ba ya iya rabuwa da faten wake, sai aka ce giram ɗari kawai, dafaffe. Ba mu da sikeli, na kai gwangwanin madara wani shago a Ƙofar Wambai, muka auna dafaffen, na ja layi da ƙusa."

Sufeto ya juya ga tsohuwar. "Baba, wa ke dafa wa marigayi?"

"Ni ce, ɗana. In kotu ce, a kai ni."

Saurin amsar ne bai yi masa ba. Ya ɗauki hularsa, ya ari sikeli, ya nufi gidan marigayin a unguwar Zaitawa.

A kicin ɗin gidan ba abin da ya gani sai manyan tukwane. Ya nemi gwangwani ya rasa. Hajiya Sumayya, matar marigayin, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu.

"Rabona da kicin tun da ya kwanta ciwo," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, amma rabi. A bayan gadonta ya tarar da risho da 'yar tukunya, ga gwangwanin a kife. Ya zura yatsa ciki. Ba maiƙo ko kaɗan, sai farar ƙurar ɗanyen barzajjen wake.

Ya sa aka cika shi da ɗanye daidai layi, aka ɗora a wuta. Da ya dahu, ya kumbura ya cika faranti. Sufeto ya ɗora a sikeli, ya kira Salim ya duba da kansa.

"Ɗari biyu da hamsin," in ji Salim.

Sufeto ya juya ga matar marigayin. "Hajiya, kin san dafaffe aka ce a auna?"

Carbin ya tsaya.

"Na sani. Ran farko dafaffen na zuba masa. Ya kalli farantin, ya kalle ni, ya ce, 'Sumayya, yunwa nake ji.' Mutumin da duk layin nan suka ci daga tukunyarsa. Washegari na auna ɗanye. Kullum ina ce wa raina ai ban wuce layin Salim ba."

"Kika bari aka tafi da Ya Kaka?"

"Ta roƙe ni kada in bari yaron nan ya rasa uba da uwa a mako ɗaya. Na yi shiru. Wannan shirun ya fi komai ci na."

Salim ya sulale ya zauna a ƙasa. Sufeto ya ji tausayin Hajiya, amma dole sai ta je ofis ta ba da bayani kafin a saki tsohuwar. Ya bar ankwa a aljihu.

A ƙofar ofis Ya Kaka ta taso da ƙyar, ta gyara wa Hajiya mayafi, ta riƙe hannunta suka shiga tare.

"Ya ƙoshi dai ranar ƙarshe?" ta tambaya a hankali.

"Ya cinye tas," in ji Hajiya. "Har ya sa mini albarka."