Lambu Huɗu da Takarda ta Yanke

Ranar wata Laraba da hantsi Al'amin ya shiga shagon buga takardu na bakin tasha a Madarumfa. Ya tarar da Zahara'u a bayan ordinata, wato kwamfuta, tana jera takardun wani malamin lakwal, makarantar boko. Ya yi sallama, ta amsa, ya tsaya yana kallonta kamar ba shi ya zo da aiki ba. Haka samarin yanzu suke, karatu da yawa, baki a mace.

"Malam, bugu ko hotokofi?"

"Taswira ce. Gwaji zan yi."

"To miƙo. Ko ita ma kunya take ji?"

Al'amin ya yi karatun ordinata a Maraɗi ya dawo gida. Ƙungiyar masu lambu na bakin tafki ta ba shi aiki, domin duk shekara idan ruwa ya ja baya sai rigimar iyaka ta tashi. Ya riƙa bin lambuna yana aunawa, ya rubuta manhaja mai nuna taswirarsu a fuskar ordinata, kowane lambu da sunan mai shi. Ya sa maɓalli guda, da an danna sai abin da ke fuskar ya koma PDF, a kai a buga.

Gwajin ya fito da kyau. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa gwajin da babu buƙatarsa, har wata uku.

"Hasken idona, yau ma taswira tana son ganinki," ya rubuta mata wata safiya.

"Ka ce wa taswira Baba yana gida bayan la'asar. Mai son gani ya bi ta ƙofa."

Ya bi ta ƙofa. Mahaifinta, Malam Tanko, manomin albasa ne, bai faye magana ba. Ya saurare shi, ya ce za a duba.

Sai Al'amin ya yi abin da mai gaggawa yake yi. Ya ƙara lambuna huɗu na gefen gabas, waɗanda ya auna a ƙarshe, ya danna maɓalli, ya kai aka buga, ya manna a ƙofar ofishin ƙungiya. Bai ƙirga ba. A cikin ordinata lambu sittin da uku ne, a takarda hamsin da tara. Cikin huɗun da suka ɓata har da na Malam Tanko.

Inusa dillalin albasa, wanda ya nemi Zahara'u bara ta ƙi shi, bai bari rana ta faɗi ba.

"Baba Tanko, kai kaɗai ne ba ka gane ba. Lambun wa ke maƙwabtaka da naka? Na kawun yaron nan. An share ka a takarda, baɗi a share ka a ƙasa."

Malam Tanko ya koma gida ya kira 'yarsa. "Wanga lambu ubana ya bar mini. Wanda ya cire ni daga bakin tafki ba zai zauna a tabarmata ba. Ki gaya mishi."

Da labari ya kai wa Al'amin, maimakon ya duba aikinsa sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

"Zahrata, wallahi lambun Baba yana cikin ordinata. Injin shagonku ne ya yanke gefen."

Amsarta ba ta daɗe ba: "Injina abin da aka ba shi yake bugawa. Na buɗe PDF ɗinka, babu Baba a ciki tun kafin ya zo hannuna. Ka ɓata wa ubana rai, yanzu kuma za ka shafa mini. Kada ka sake ce mini Zahrata sai ka san na wa ne laifin."

Kwana biyu ba su yi magana ba, kuma ya cancanci haka. Ranar Alhamis da safe ya zo shagon da ordinatarsa a hammata, ya zauna a benci.

"Laifina ne. Amma na duba umarnin manhajar layi layi, ban ga inda yake ba. Ki taimake ni."

Ta bar shi ya ɗan jira, sannan ta jawo kujera. "Nuna mini lambun Baba."

Ya ja taswirar zuwa gefe da yatsa, lambun ya bayyana.

"Tsaya. Sai ka ja kafin ya fito?"

"E, taswirar ta fi fuskar faɗi tun da na ƙara huɗun nan."

"To idan ka danna maɓallin, wa ke jan taswirar?"

Al'amin ya dafe kai. Manhajar tana ɗaukar abin da fuskar ordinata ke nunawa ne kawai, duk abin da ya wuce gefe ba ta san da shi ba. Ya gyara umarnin, ya ce ta ɗauki faɗin taswirar gaba ɗaya. Ya danna. Shafin ya fito fari fat.

"Madalla," in ji ta. "Yanzu ka share kowa, an yi adalci."

Bai yi dariya ba, gumi yake. Ya bi aikin a hankali har ya gane cewa manhajar tana rufe PDF tun kafin ta gama zana babbar taswirar. Ya sa manhajar ta jira sai zane ya ƙare. Ya danna. Sai jan rubutu ya fito, wai zanen ya fi ƙarfin shafi.

"Wannan kuma fannina ne," in ji Zahara'u. "Kana tsayar da takarda, alhali tafki a kwance yake. Kwantar da ita, ka ɗauki babbar takarda, ka ce zanen ya rage kansa daidai da ita."

Ya yi yadda ta ce. Injin ya turo takardar da ɗuminta, suka sa yatsa suna ƙirgawa tare da murya. Sittin da uku. Suka sake, sittin da uku.

"Zahrata?" ya ce a hankali.

"Saura Baba."

Bayan sallar Juma'a masu lambu suka taru a ƙofar ofishi. Al'amin ya miƙe da sabuwar taswira. Yana iya cewa sharrin na'ura ne, da yawansu za su yarda. Bai ce ba.

"Iyayena, babu wanda ya sa ni, kuma ba laifin inji ba ne. Ni na buga ban ƙirga ba. Ku gafarce ni."

"Wanda ya share ya mayar, gobe ma yana iya sharewa," in ji Inusa.

Malam Tanko bai ko dube shi ba. Ya ce wa Al'amin, "Ni ban iya karatun takarda ba. Ɗauko igiyar awonka mu tahi."

Jama'a suka bi su har gefen gabas. Tsoho yana nuna iyakar da ubansa ya nuna masa, yaro yana jan igiya, shugaban ƙungiya yana karanta abin da ke takarda. Kusurwa huɗu, babu wadda ta saɓa ko da taki ɗaya. Kafin a gama, Inusa ya tuna yana da mota mai jiransa a tasha.

Malam Tanko ya kakkaɓe hannunsa. "Kuskure kowa na yi. Wanda zai tsaya gaban mutane ya ce nawa ne, shi ne ban cika gani ba. Turo manyanka."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Masu lambu sun zo kusan dukkansu, masunta suka kawo kifi kwando biyu. Da aka zo tafiya da amarya, Malam Tanko ya ɗora hannu a kanta ya dubi ango.

"Ga ta nan. Ta fi ka lura, ka riƙa tambayarta. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya masu gaskiya."

Jama'a suka ce amin, mata suka rangaɗa guɗa.