Tuwon Bakin Rafi a Ƙauyen Su Yarina

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kan Yaya Tasi'u abin ya faru, ɗan wan Baba na Zariya, mai gyaran taraktoci, wanda ya auri Baturiyar nan.

Sunanta Yarina, 'yar ƙasar Yukren ce. Wani kamfanin injinan noma ya kawo ta tana yi musu tafinta, a nan suka haɗu. Ta musulunta, aka ɗaura aure, ta koyi Hausa har tana tsokanar Hajiyarsa da ita. Shekara shida suna tare bai taɓa taka ƙasarsu ba. Sai wata shekara, tun kafin yaƙin nan, ta ce masa, "Injiniya, kakata ta tsufa. Ina so ta gan ka kafin ta mutu." Suka shirya suka tafi.

Ƙauyensu ƙarami ne, a gefen wani daji mai dogayen itatuwa. Gidajen katako, kowanne da rijiyarsa. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Kakar, tsohuwa Paraska, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana kuka. Abokan Yarina na ƙuruciya suka cika gidan. Biyu ne na kusa da ita, Darka da mijinta Ostap, wani ƙato mai kiwon zuma. Ostap ya rungume Tasi'u har ƙashin bayansa ya yi ƙara.

An karɓe shi hannu bibbiyu. Matsalar a kan tebur take.

Abu na farko da aka ajiye gabansa fari ne fat, an yanyanka shi kamar sabulu. Ya tambaya, Yarina ta ce a hankali, "Kitsen alade ne, ɗanye, da gishiri. Bar shi, ba naka ba ne." Ostap ya ɗauki yanki ya jefa a baki, maiƙo yana bin gemunsa. Aka kawo wani romo da aka bari ya daskare, yana rawa a faranti kamar majina, ga tsokar nama a ciki. Aka kawo kifi wanda bai ga wuta ba. Karen gidan ya zo ya lashe hannun Ostap, da hannun nan ya gutsuro burodi ya miƙo wa baƙo yana murmushi.

Tasi'u ya janye hannunsa. Ya ce ya ƙoshi.

Kwana biyu yana kan burodi da shayi. A rana ta uku ya ga wuƙar da ake yanka kitsen nan, da ita Darka ke yanka burodin. Ya koma shayi kawai. In ya shiga ɗaki sai ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa.

Yarina ta same shi a ɗaki. Ta ce, "Ko dankalin ka ci. Darka ta dafa shi daban, da man shanu, saboda kai."

Ya ce, "Tukunyar fa?"

"Sabuwa ce. Gari ta je ta sayo."

"Hannun da ya dafa fa?"

Ta ce, "Shekara shida ina cin daddawarku. Ko sau ɗaya ban toshe hanci a gaban Hajiya ba." Ta fita ta ja ƙofa.

A rana ta huɗu abokan suka shirya musu walima a wani fili a bakin dajin. Aka shimfiɗa barguna, aka hura wuta, aka jera nama. Hayaƙin yana kaɗowa fuskarsa. Yunwa ta ci shi har idonsa na ganin duhu-duhu. Yarina tana can cikin ƙawayenta, tun safe ba ta ce masa uffan ba.

Da la'asar ta yi ya miƙe. Ya jiyo ƙarar ruwa daga cikin itatuwa, ya nuna da hannu cewa zai je ya yi alwala. Ostap ya daina dariya. Ya kama hannun rigarsa da yatsunsa masu maiƙo, yana magana da sauri da yarensu, yana girgiza kai. Tasi'u ya dubi tabon maiƙon a kan farar shaddarsa, ya fizge hannunsa. Ya kalli Yarina ko za ta fassara. Ta kawar da kai.

Ya tafi shi kaɗai.

Tafiyar ba ta kai ta minti goma ba. Amma yana shiga, muryoyin mutane suka ɗauke. Tsuntsaye ma suka yi shiru. Ƙasa ta yi laushi, tana tsotsar takalminsa. Sai ya ji wani ƙamshi, ya tsaya cak.

Miyar kuka. Da daddawa, da man shanu.

Ya ce a ransa yunwa ce. Ya ƙara taku biyar, ga rafin. Ga mace zaune a kan wani kututture a bakin ruwan, ta ba ruwan baya, tana fuskantarsa. Budurwa ce fara, da farar doguwar riga. Gashinta a jiƙe, ya sauko ta gaba har cinya. A kan cinyar akwai akushi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, mijin Yarina."

Da Hausa. Hausa tsantsa, babu gargada.

Ya ce, "Wace ce ke?"

"Ƙawarta ce."

"Ban gan ki a gida ba."

"Ba na shiga taro."

"Ina kika koyi Hausa?"

"Ita ta koya mini."

Ya lura da abu guda. Sai ta rufe baki sannan ƙarshen maganar ke fitowa. Ya lura da na biyu. Ƙafafunta babu takalmi, sun yi fari sun yamutse, kamar na wanda ya wuni yana wanki. Ƙudaje uku suna zagaya kafaɗarta, su ɓace ta baya, su dawo.

Ya gani. Duk ya gani. Amma ta buɗe akushin.

Tuwon dawa ne, malmala biyu, miya ta kwanta a kai, man shanu yana narkewa. Irin na Hajiyarsa sak, har da ɗan yajin a gefe.

Ta ce, "Kwana huɗu ba ka ci ba. Ƙazamai ne mutanen nan, na sani. Zauna."

Maganar ta yi masa daɗi, ya ji an fahimce shi. Ya tsuguna a gabanta. Bai wanke hannu ba, shi da ke wankewa har gwiwa. Bai yi bisimilla ba. Ya gutsura ya kai baki.

Loma ta farko ta wuce kamar ruwa. A ta biyu ne ya ji abin. Tuwon yana tururi, amma sanyi ne da shi ƙalau. Can ƙasan ɗanɗanon kuma akwai wani abu kamar tsohuwar randa da aka manta ba a wanke ba. Wani ɗan zare ya maƙale masa a haƙori. Ya zaro shi. Dogo ne, fari, jiƙaƙƙe.

Ta ce, "Ƙara."

Ya ce, "Bari in ɗauraye hannu."

"Ci tukuna."

"Yanzu zan dawo."

Ya miƙe ya nufi ruwan ta gefenta. Tana zaune, amma duk inda ya taka sai ta juyo, fuskarta na kallonsa. Bai ga motsin ƙafarta ba. Ya tsuguna a bakin rafin, ya sunkuya. Ruwan a kwance yake kamar madubi, ya ɗauko hoton kututturen da abin da ke kansa ta ɗaya gefen.

Ba ta da baya.

Daga wuya har ƙugu a buɗe take, kamar akuyar da aka feɗe aka rataye. Babu fata, babu riga. Haƙarƙari a waje, sun yi kore. Huhu biyu baƙaƙe suna lilo, ba sa numfashi. Hanji ya kumbura ya zubo kan kututturen, abubuwa farare ƙanana suna motsi a cikinsa. A nan ƙudajen suke sauka.

Yana kallo a cikin ruwan ta lanƙwasa hannu ta baya, yadda hannun mutum ba ya lanƙwasuwa. Ta tura shi cikin ramin har gwiwa. Ta kwaso wani abu mai yauƙi, ta mulmula shi a tafin hannu, ta kawo gaba ta ajiye a akushin. Abin yana taɓa akushin ya zama tuwo, yana tururi.

Ta ce, "Na ƙara maka mai zafi."

Ya so ya yi amai, abin ya ƙi fitowa. Ya tsaya masa a ƙirji kamar dutse. Bakinsa ya yi nauyi, da ƙyar ya haɗa a'uziyya. Yana furtawa warin ya taso, warin da ƙamshin miya ya rufe tun ɗazu, na mushen da ya kwana bakwai a ruwa.

Ta daina murmushi. Ta ce, "Loma ɗaya ta rage maka."

Ya zura da gudu. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ya bar shi. Ba ta bi shi da gudu ba. Amma duk sanda ya waiga tana nan tsakanin itatuwa, tazarar ba ta ƙaru ba, akushin a hannu, fuskarta gare shi. Ya daina waige. Yana karanta Ayatul Kursiyyu yana tuntuɓe, har ya yi karo da ƙirjin mutum.

Ostap ne, ya biyo sawunsa. A hannunsa akwai damin wani ganye mai toka-toka, irin tazargaden nan namu. Ya cusa wa Tasi'u shi cikin riga, ya saɓa Tasi'un a kafaɗa kamar buhun masara. Bai dubi dajin ba ko sau ɗaya.

A tsakar gida suka kwantar da shi. Jikinsa ya yi sanyi, leɓɓansa sun yi shuɗi. Tsohuwa Paraska ta sunkuya ta shinshina bakinsa, ta ja da baya. Ta yi tambaya, Yarina ta fassara.

"Kaka ta ce loma nawa ka ci?"

Ya ɗaga yatsu biyu.

Tsohuwar ta sauke numfashi, ta ce da ya kai uku da babu magani. Ta sa aka tafasa ganyen nan, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Darka ta riƙe kansa a cinyarta, aka ɗura masa. Shiru, abin da ya ci bai fito ba. Sai Ostap ya naɗe hannun riga, ya buɗe masa baki, ya tura yatsunsa biyu har maƙogwaro.

Abin da ya fito ba tuwo ba ne. Baƙar laka ce da gansakuka, da wani dunƙulen gashi. A tsakiya ga matsattsaku guda, ƙato, yana miƙewa yana dunƙulewa. Duk a kan hannun Ostap da zanen Darka ya zuba. Babu wanda ya yamutsa fuska a cikinsu. Darka ta share masa baki da gefen rigarta. Ostap ya kwashe ƙazantar da shebur, ya kai bayan gida ya zuba mata garwashi.

Da ya dawo hayyacinsa Yarina tana zaune a gefensa, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ostap ce maka ya yi kada ka je rafi. A makon nan na shekara babu mai zuwa, na waɗanda ruwa ya ci ne. Na ji shi sarai. Haushinka nake ji, na ƙi fassarawa. Ni a zatona camfin tsofaffi ne."

Ya ce, "Ta ce ita ƙawarki ce."

Yarina ta sa ya kwatanta ta. Yana kai wa ga wani ɗan tabo a haɓa, Darka ta gane daga yadda ya nuna da yatsa, ta rufe fuska.

Yarina ta ce, "Uliyana. Mu uku ne da Darka. Muna 'yan shekara sha bakwai muka je wanka a rafin nan. Mu biyu muka dawo."

"Ta ce ke kika koya mata Hausa."

Yarina ta ce, "Hotonta yana cikin akwatina a Zariya. In kewar gida ta dame ni, nakan ɗauko shi in yi mata hira. Da farko da yarenmu. Daga baya bakina ya saba, na koma yi mata da Hausa." Ta ƙara da cewa, "Har abincin da ka fi so na faɗa mata."

Washegari Darka ta kawo dankali a sabuwar tukunyar nan. Tasi'u ya yi bisimilla da ƙarfi, ya cinye tas, bai tambayi komai ba. Ostap ya gutsuro burodi ya miƙo, ya karɓa. Kwana tara suka ƙara, bai sake nufar dajin ba.

Ranar da suka dawo Zariya, Hajiya ta yi masa girkin maraba da hannunta. Aka buɗe kwano, tuwon dawa da miyar kuka. Bai kai ƙofa ba ya durƙushe yana kakari. Hajiya ta yi fushi wata guda, don bai iya faɗa mata dalili ba. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan bai sa ta a baki ba. Kuma ku lura da shi ran da ya zo. In baƙo ya yi masa sallama, ba ya sakin jiki sai ya san dabarar da ya yi ya leƙa bayansa.

To, ku da kuke ta zancen fita ƙasar waje, ku riƙe wannan. In ɗan gari ya kama rigarku, ku tsaya, ko da hannunsa da maiƙo. Kada ku nufi bakin ruwan da ba ku sani ba ku kaɗai. Wanda kuma ya ƙi juya muku baya, kada ku ci daga hannunsa, ko da da muryar gidanku ya kira ku.