Sojan da Ke Mutuwa Rub-da-Ciki

"Duba nan, Lauratu! Wannan ne mijin da za ki kai wa Baba?"

Yaya Ilu ya cillo mini wayarsa kan dilar rigunan da ya saro a kasuwar Baima, a nan ƙasar Sin. Ghali ne a hoton, sanye da kakin soja, goshinsa a ƙasa gaban ƙaton mutum-mutumin dutse.

"Sujada ga gunki! Wa'iyazu billahi!"

"Wa ya turo maka, Yaya?"

"Surayya."

Abokiyar ɗakina a jami'a. Tun bara, ko sunan Ghali aka ambata sai ta gyara mayafi...

"Jibi zan koma Kano. Ina sauka, maganar aure ta mutu."

"Ka ba ni gobe kawai. Don Allah."

Na san duk Asabar Ghali na fitowa a wasan kwaikwayo a wani tsohon filin daga da ke bayan gari, inda Sinawa suka taɓa yaƙar junansu. Amma ban taɓa zuwa ba. Ni ma tsoron abin da zan gani nake yi.

Washegari Asabar muka je, muka zauna cikin 'yan kallo. Bindigogin wasa suka tashi, hayaƙi ya rufe ramuka. Sojoji na zubewa rigingine.

Sai ga shi a guje, hula ta rufe masa ido. Daidai gindin dutsen ya kifa.

Yaya ya miƙe. Na riƙe bakin rigarsa.

Da aka tashi, Ghali ya iso duk taɓo, ya durƙusa.

"Kowa ya faɗi rigingine," in ji Yaya, "kai kaɗai ka kafa goshi. Dalili?"

"Yaya, ka taɓa jin Bakano a yaƙin Sinawa? Mai shirya wasan ne ya ce in mutu da wuri, kuma in kifa, kada a ga fuskata."



Gemun Yaya ya soma rawa, dariya na neman ƙwace masa. Ya juya mana baya, ya yi tari.

"Daga yau ka mutu nesa da dutsen nan."

"To, Yaya."

"Kuma ka wanke fuska. Zan kira Baba ya gan ka."

Yana matsawa, Ghali ya rage murya.

"Hasken idona... kuka kika yi?"

"Rabin awa ina kallon gawarka, Ghali!"

Na miƙa masa gorar ruwa. A hannun Yaya, kiran Baba ya fara shiga.