Tabon da Aka Goge a Hoton Biza

"Kar ki motsa. Kuma don Allah kar ki yi murmushi."

Maganar farko ke nan da Mai Hoto ya taɓa yi mata. Ta biyun kam ɓata bakinsa kawai ya yi, don Nas ba ta da niyyar murmushi. Tana zaune a kan 'yar kujera marar jingina, farin kyalle a bayanta, fitilu biyu sun haske mata fuska, takalmin aiki har yanzu a ƙafarta.

Ya leƙa kyamara, ya ɗago.

"Shekara biyar ina faɗa da mutane su rufe haƙora. Ke ce ta farko da na ji kamar in roƙe ta ta buɗe."

"Hoton biza ne, Malam. Ɗauki kawai."

Ya ɗauka. Da hoton ya fito a kwamfuta, ya nuna wani ɗan tabo a saman girarta ta hagu.

"Wannan fa, mene ne tarihinsa?"

"Keken Babana. Ina shekara shida."

"To yana nan daram. Hoton biza ba a taɓa shi, ko ƙurji ne a hanci haka zai tafi."

Ita ce babba a gidansu. Tun rasuwar Baba maganar gidan ta zama guda ɗaya: Nas za ta fita waje aikin asibiti. Mama ta gaya wa maƙwabta, ƙannenta biyu har sun zaɓi tsarabarsu. Ta ci jarrabawar harshe, ta ci ta aiki, ta bi layuka har takalma biyu suka mutu. In aka tambaye ta ko tana ɗoki sai ta ce sosai ma. Amma wallahi ba ta jin komai, ba ɗoki ba tsoro, kamar hannun da aka yi wa allurar kashe zafi. Tana gani ana taɓa shi, shi ke nan.

To shi hoton biza yana da wani hali: wata shida ne ransa. Takardun Nas kuwa tafiyar kunkuru suke yi. Sau uku tana dawowa kan kujerar nan, kuma tun zuwa na biyu aka fara samun shayi yana jiranta.

Saƙonsa na farko da rana tsaka ya shigo, tana tsakiyar canja wa wani tsoho ledar ƙarin ruwa a asibiti.

"Ranki ya daɗe, hotonki ya fito. Na duba shi sau tara don tabbatar da inganci. Aiki ne kawai, kar ki kawo komai a ranki."

Sai bayan awa uku ta amsa.

"Sannu da aiki, Malam Kar-ki-motsa."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya rama da nasa.

"Tabona, kin ci abinci, ko yau ma marasa lafiya kika ƙoshar?"

"Na ci."

"Ƙarya ba kyau ga ma'aikaciyar lafiya."

Wani yammaci, suna zaune a bencin ƙofar shagon, ya gaya mata shi ma ya taɓa zama can ƙasar waje. Shekara huɗu.

"Yaya wurin yake?" ta tambaya.

"Ba zan ɓata shi ba. Wuta ba ta ɗaukewa. In ka kira motar asibiti, zuwa take yi. Ranar da na fara shiga asibitinsu sai da na tsaya ina kallon ƙasa, na ce yanzu nan wurin ciwo ne?"

"Mu jiya silindar oksijin ɗaya muka raba wa mutum uku. Ni na zaɓi wanda za a cire wa."

Ta faɗe shi ne kamar mai karanta sunan magani a kwali. Ya dube ta.

"To me ya dawo da kai?"

"Shekara huɗu ba wanda ya ce mini ya gajiya. Ba mugunta ba ce, kowa sauri yake. Da mahaifiyata ta rasu, a waya na kalli yadda aka fita da ita, ina tsaye a ɗakin canja kaya na masana'antar da nake aiki. Da hutun minti goma sha biyar ya ƙare, na sa wayar a aljihu na koma bakin injin."

"Ka yi kuka?"

"Ko ɗigo. Shi ya sa na sayi tikiti."

Ranar ta daɗe ba ta tashi ba, har shayin ya huce a hannunta.

Labari ya isa kunnen Mama, kamar yadda ya saba.

"Mai hoto? Wanda ya je ya dawo hannu rabbana? Haba 'yar nan! Kowa na neman hanyar fita, ke kin je kin samo wanda ya haddace hanyar dawowa."

Mama tana da nata gwanin, Injiniya, ɗan aminiyarta, mai takardar zama a can. Mutumin kirki ne, ba laifi. Yakan turo hotonsa tsaye kusa da mota cikin rigar sanyi, ya yi rabin awa yana bayanin haraji. Nas takan ce "to", takan ce "madalla", ta ajiye wayar.

Ana haka wani asibiti na can ya ba ta gurbi, da sharaɗin ta iso kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ofishin biza ya sa mata ranar Alhamis. Ta ɗauki sabon hoto ranar Talata, ranar Laraba kuwa aiki ya riƙe ta, sai Mama ta ce ita za ta karɓo.

"In ga mutumin da idona ma," in ji ta.

Da safiyar Alhamis Mama ta sa mata ambulan a jaka, ta yi mata addu'a. Nas ba ta buɗe ba. Me za ta gani da ba ta gani ba sau uku?

Matar da ke bayan gilashi ta zaro hoton, ta dube shi, ta dubi Nas, ta sake dubansa.

"Wannan an taɓa shi. Ina tabon da ke girarki?"

Nas ta karɓa. Fuskarta ce, sumul, har da ɗan haske. Gira kuwa fes, kamar ba ta taɓa hawa keke ba.

Aka turo mata takardunta ta ƙarƙashin gilashi. Sabuwar rana sai nan da wata bakwai. Kafin la'asar asibitin can ya rubuto cikin ladabi cewa za su ba wata gurbin.

Ba ta yi kuka ba. Ta hau mota, ta sauka, ta shiga shagon, ta ajiye hoton a kan tebur.

"Kai ka goge?"

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗago.

"Ni na goge."

"Ka san dokar. Kai ka koya mini ita."

"Na sani."

"Don kar in tafi?"

Ya mayar da idonsa kan hoton. Ta jira har ta ƙirga goma, yadda take ƙirga bugun jini, sannan ta fita.

A gida ƙannenta suka yi ta tsine masa. Mama kuwa, wadda ake jira ta ce ai na faɗa miki, ba ta faɗa ba. Ta ce dai, "Ki rabu da shi kawai," idonta a kan tsintsiya.

Washegari saƙo ya shigo.

"Ba zan ce ki yafe mini ba, Tabona. Ki dai ci wani abu kafin ki shiga aiki."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma goge ba. Mako shida tana zuwa aiki tana dawowa. Injiniya ya ce ta kwantar da hankalinta, in suka yi aure takardarsa ta ishe su. Ta ce to.

Mama ce ta fara ramewa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Wata safiya jiri ya kwashe ta a bakin murhu, Nas ta auna ta, ta ga jini ya hau sosai.

"Ina katinki na asibiti?"

"Yana jaka. A'a, bari, ni zan ɗauko!"

Nas ta riga ta zuge jakar. Ƙarƙashin katin akwai ambulan irin na shagon, da rubutun da ta sani, manya-manyan baƙaƙe: NA BIZA. WANNAN ZA A KAI. Ciki hotuna huɗu, kowanne da tabonsa.

Ta juyo. Mama ta riga ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Ni ce, 'yar nan. Ni na ce ya gyara mini guda, in tura wa Injiniya. Ya ce Mama ai tabon nata ne, na ce nawa ne kafin ya zama nata, ya yi abin da na ce. Ya raba ambulan biyu, har ya rubuta. Da na zo gida na jera su, sai na ce mutanen nan da za su duba ki, ai gara su ga mai kyau. Wa ke zuwa neman aiki da tabo a fuska?"

Muryarta ta karye.

"Kullum ina jira ya tona ni. Mako shida yaron nan ko tari bai yi ba. Ni da na zage shi."

Nas ta zauna a ƙasa da hotunan a hannu. Ta san yadda allurar kashe zafi ke sakin mutum, ta sha gaya wa marasa lafiya su shirya. Ita ba ta shirya ba. Ta ji haushin Mama, ta ji tausayinta, ta ji kewar Baba da kekensa, ta ji tana son mutumin nan har ƙirjinta na ciwo. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da Baba, Mama na riƙe da kanta suna yi tare.

Sai da ta ba Mama magani, ta ga jinin ya sauka, sannan ta fita.

Yana goge gilashin kyamara ta shigo. Ta ajiye ambulan ɗin a gabansa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ajiye kyallen.

"Ni daga nesa na rasa tawa uwar. Ban so ki rasa taki kuna gida ɗaya."

"Ni fa? Ka yarda ka rasa ni?"

"Na yi lissafi ne. Na ce hoto wata shida yake, dole ki dawo."

"Akwai wasu masu hoton a garin nan, ka sani."

"Shi ne abin da ya hana ni cin abinci."

Ta zauna a kan 'yar kujerar, ba wanda ya ce ta zauna. Ya jawo benci.

"Tabona, in tambaye ki abin da ba wanda ya tambaye ki? Ke kanki, ba Mama ba, ba ƙannenki ba, kina son tafiyar nan?"

Ta nemi amsar, ga mamakinta ta same ta.

"Ina so. Ina so in yi aiki inda ba zan zaɓi wanda za a cire wa oksijin ba, ko shekara uku ne, in koyo abu in dawo. Kuma tsoro nake ji. Kar in zama mai kallon Mama a waya."

"To kina buƙatar mai ce miki ya gajiya. Da mai sayen tikiti tun kafin a kira."

"Ka ce ba za ka koma ba."

"Cewa na yi ba zan koma ni kaɗai ba."

Ranar Asabar Mama da kanta ta zo shagon, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Ɗana, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Ka turo manyanka."

Injiniya da ya ji, ya yi fatan alheri, ya ƙara da shawara kan haraji.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Bayan wata biyu kuma wani asibitin ya rubuto, ya ce tana iya zuwa da mijinta. Sai ga ango yana buƙatar hoton biza, kuma ya rantse ba wani mai hoto da zai taɓa shi.

Ya saita fitilu, ya rataya mata kyamara a wuya, ya je ya zauna a kan kujerar marar jingina. Mama na benci da jakarta a cinya. Wanda ya zaunar da dubban mutane, ga shi ya ƙame kamar an kawo shi allura.

Nas ta leƙa.

"Kar ka motsa," ta ce. "Kuma don Allah kar ka yi murmushi."

Ya ƙara ɗaure fuska. Ita ce dariya ta ƙwace wa, ta gaske, har kafaɗunta na rawa, yatsarta ta danna. Da aka wanke, ango ya fito a karkace, rabin kunnensa babu, baki buɗe yana kallon matarsa.

"Wannan ko a ƙofa ba za su karɓa ba," in ji shi. "A sake."

"Ku sake naku," in ji Mama. Ta miƙa hannu ta karɓe hoton, ta dube shi, ta dubi 'yarta da ke share hawayen dariya. "Allah ya yi muku albarka. Ya kai ku lafiya, ya dawo mini da ku ina raye."

"Amin, Mama," in ji ango. "Kawo in ɗan gyara miki shi."

Mama ta sa hoton a jakarta, ta rufe.

"Kar ka taɓa mini komai a ciki."