Jinin Da Dutse Ya Tona

"Ba inda za ki, Fausia."

Ko rigar aiki ban cire ba na faɗi haka. Na sauka daga tuƙin bas ke nan, na shigo flat ɗinmu na Tottenham, na tarar da 'yata a tsakiyar falo tana gwada wani takalmi mai nauyi kamar na soja. Ga ƙatuwar jakar goyo a gefe, ga sanduna biyu na ƙarfe jingine da kujera.

"Baba, an riga an yi booking."

"A yi cancel."

"It's for Basit," ta ce a hankali.

Abdul-Basit ƙaninta ne, ɗana namiji tilo. Ciwon sikila ya ɗauke shi yana ɗan shekara goma sha huɗu. Yanzu wata ƙungiya mai taimakon yara masu irin ciwon ta shirya hawan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, tafiyar kwana da kwanaki a ƙafa, kuma Fausia ta sa sunanta.

"Dutsen nan fa an ce wuta yake amai."

"Ya daina tun kafin a haifi kakan kakanka. Ƙanƙara ce a kansa yanzu."

"Wuta a ciki, ƙanƙara a waje, kuma can za ki kai kanki? Mu da muka baro Kumasi, mun ga duwatsu, ba wanda ya taɓa cewa bari in hau in ga me ke sama."

Matata Mariatu ta yi dariya daga kicin. Ni ban yi ba.

"Mamana," na ce, don sunan mahaifiyata ta ci, "ke AS ce, kina ɗauke da rabin jinin sikila. An ce can sama iska ba ta isar mutum."

"Na ga likita. Ya ce in sha ruwa da yawa, in tafi a hankali, in na ji wani ciwo in juyo. Kuma Affan zai je. Tantin mata daban, kafin ka tambaya."

Affan shi ne wanda zai aure ta. Bakano ne, karatu ya kawo shi London, ya zauna yana aiki a council, wato ƙaramar hukuma, can wajen Camberwell. Yaro mai kunya. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, kafin in tambayi sunan mahaifinsa na tambaye shi jininsa. Ya ce AA, an gwada shi a gida tun kafin ya shiga jami'a. A ranar na ba shi hannu.

Ina da dalilina. Ni AS ne, Mariatu AS, ba mu sani ba sai da aka haifi Basit. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, na riƙe hannun Fausia na ce ta yi min alkawari ba za ta taɓa auren mai AS ba. Ta ce, "Na yi, Baba."

Yanzu ga akwatunan lefe jere a ɗakinta, dangin Affan sun kawo. Biki ya matso, ita kuma dutse take so ta hau.

Na haƙura, ba don zuciyata ta yarda ba. Kowace Lahadi takan ɗauki jakar nan ta je ta yi ta hawa da sauka a tudun Alexandra Palace don ƙafafunta su saba. Sau ɗaya na raka ta, gwiwata ta ƙi, na zauna a benci a tsakiyar hanya.

"Shi ke nan, Baba? Wannan ɗan tudun?"

"Ni da Allah ya hore wa bas, me zai kai ni wahala?"

A filin jirgi na ja Affan gefe.

"Amana na ba ka. In ta ce kanta na ciwo, ka juyo da ita."

"In sha Allahu, Baba. Ko a baya zan goyo ta."

Kwanakin farko hotuna suka yi ta shigowa. Daji mai duhu da ruwan sama, birai masu farin bindi. Sai bishiyoyi suka gajarce. Sai suka ɓace gaba ɗaya, ya rage duwatsu baƙaƙe kamar an yi gobara. A wani hoton gajimare yana ƙasa da ƙafafunta. Na daɗe ina kallonsa.

Ta aiko da murya tana haki: "Baba, masu ja mana gora kullum cewa suke pole pole, wato sannu sannu. You'd love them. Affan ya ce in gaishe ka. Gobe babu network, don't panic."

Daga nan shiru.

Direba ba ya taɓa waya yana tuƙi. Sai na kai ƙarshen hanya nake zaro ta. Babu komai. Na wuce wata tasha ban tsaya ba, wata tsohuwa ta yi ta danna ƙararrawa tana min faɗa. A gida Mariatu ta ƙona wake da shinkafa, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Muka ci a haka.

Bayan azahar kiran ya zo, ina ɗakin shan shayi na garejinmu. Baƙuwar lamba.

"Baba..."

"Mamana! Ina ke miki ciwo?"

"Ba ni ba ce. Affan ne."

Na nemi kujera na zauna.

Cikin kuka ta ba ni labari. Saura kaɗan su kai ƙololuwa, har suna hango ƙanƙarar, Affan ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa na hagu ya durƙushe. Ashe tun jiya yake jin ciwon, ya ɓoye don kada ta fasa. 'Yan dako suka ɗaure shi a wani gado mai taya ɗaya suka gangaro da shi. Ita ko waiwayen ƙololuwar ba ta yi ba. Ta bi su a guje har ƙasa, faratan ƙafarta biyu suka fita.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Muna asibiti a garin Moshi, a gindin dutsen. Saifarsa ce, jini ya toshe a ciki saboda ƙarancin iska."

"Alhamdu lillahi. To ki daina kuka."

"Baba... likitan ya ce yawanci wannan masu AS yake kamawa. Sun gwada shi, AS ne."

Na ture kofin shayin da ke gabana.

"He didn't know. Wallahi bai sani ba. Gwajin da aka yi masa a gida kuskure ne."

Ina jin numfashinta a kunnena, kuma ina jin wani numfashin, na Basit, a gadon asibiti yana cewa in danna masa ƙafa.

"Ku dawo gida tukuna," na ce.

Sun dawo. Aka sake gwaji a nan, ya fito AS. Ban buɗe baki na tuna mata komai ba. Ita da kanta ta same ni a falo, ta durƙusa.

"Na faɗa masa. Ranar Lahadi da la'asar 'yan'uwansa za su zo su ɗauki akwatunan."

"Allah ya yi miki albarka."

"Amin."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Takan tashi ta tafi aiki, ta dawo, ta ce ta ƙoshi. Takalmin nan yana bakin ƙofa da tokar dutsen a jikinsa, ba ta goge ba, kuma ba ta bari uwarta ta taɓa.

Ranar Juma'a Affan ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya rame, yana tafiya a karkace, hannu a gefen ciki.

"Baba, ban yi maka ƙarya ba."

"Na sani."

"Na yi magana da likitoci. Akwai hanyar da ake duba lafiyar ɗa tun kafin ciki ya zauna. Tana da wahala, tana ɗaukar lokaci, kuma ba kullum ake dacewa ba. Amma akwai. Ka ba mu dama mu je mu ji kawai."

"Ka taɓa riƙe yaro yana roƙonka ka cire masa ƙafa don ya huta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na riƙe. Allah ya ba ka wadda ta fi ta."

"Babu ita, Baba," ya ce. "Amma ba zan sa ta saɓa maka ba."

Na wuce na bar shi tsaye.

Lahadi da safe Mariatu ta ajiye min koko da ƙosai, ta zauna ta zuba min ido. Fausia ta fita tun da wuri da takalmin nan.

"Baban Basit." Har yau haka take kirana. "Tambaya ɗaya zan yi maka."

"Ina ji."

"A Kumasi, da an gwada mu an ce maka ni AS ce, da ka bar ni?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ka amsa."

Na kalli kofin. Na tuna ta tana budurwa a shagon ɗinkin yayarta, ni kuma ina kai wando ɗaya gyara har sau uku.

"Da yaron bai sha wahala ba," na ce.

"Ba shi na tambaye ka ba. Ni ma na haife shi, ni na wanke masa jiki ranar ƙarshe. Kar ka ɗauka kai kaɗai ka yi rashi." Ta share ido da bakin mayafi. "Mu ba wanda ya ba mu zaɓi. Ita tana da shi, kai ka karɓe. Yarinya ƙarama ka kama ranar da aka binne ƙaninta. Me za ta ce maka ranar in ba to ba?"

"In ta haifi irin Basit fa?"

"Ita ma ta san Basit. Ɗaki ɗaya suka kwana. Kana tsammanin ka fi ta tsoro?"

Na bar kokon ya huce. Sai da na yi azahar sannan na ɗauki hulata.

Na san inda take. Bas yana hawa har saman tudun, amma na sauka a gindinsa. Ban san me ya sa ba. Wataƙila ina bukatar lokaci kafin in san abin da zan ce.

Gwiwata ta fara tun kafin bencin da na taɓa zama. Na wuce shi. Masu gudu suna wuce ni, yara a keke suna wuce ni. Zufa ta jiƙa min riga. Na dinga tsayawa ina dafa gwiwa, ina tunanin yarinyar da ta hau abin da ya fi gajimare tsawo saboda ƙaninta, ta kuma bar shi saura kaɗan saboda wani, sannan ta dawo ta bar wannan ɗin saboda ni.

Tana zaune a kan ciyawa, London shimfiɗe a gabanta. Da ta gan ni ta miƙe da sauri.

"Baba? A ƙafa ka hawo?"

"Pole... pole," na ce ina haki.

Dariya ta kusa kuɓuce mata, sai ta danne. Ta zaunar da ni ta miƙo min gorar ruwa.

"Mamana, kina son yaron nan?"

"Ba amfanin tambayar."

"Ki amsa min."

Ta kalli takalminta. "Lokacin da nake bin gadon nan a guje, addu'a ɗaya nake yi. Allah ka bar min shi, ko me za ka karɓa. Ban san shi ɗin za a karɓa ba."

Na share fuskata da hula.

"Alkawarin da kika yi min, na sauke miki shi."

Ta juyo.

"Ban ce ki aure shi ba, ban ce kar ki aure shi ba. Ki daina dubana, ki dubi abin da za ki iya ɗauka. Ranar da na sa ki rantse, tsorona na ɗora miki, ke kuma kika goya."

"I'm scared too, Baba. Ina jin kukan Basit har yanzu."

"Ni ma. Ba zai bar mu ba." Na kama hannunta, hannun da na kama waccan ranar. "Yaron ya ce akwai likitocin da ke da wata hanya. Ni ban gane ba, karatuna bai kai nan ba. Mu je mu ji, ni da ke da shi da uwarki. In kin ji kin ce a'a, a'a ce. In kin ce e, ni zan ba da ke da bakina."

A nan kukan da ta riƙe tun Moshi ya ɓalle. Ta kifa kanta a kafaɗata kamar tana 'yar firamare. Turawa suna wucewa suna satar kallonmu, ban damu ba. Nawa idon ma bai bushe ba.

Da ta lafa na ce, "La'asar ta kusa. Masu ɗaukar kaya suna hanya."

Ta zaro waya, ta tsaya tana kallon sunansa.

"Tashi mu sauka," na ce. "Kya kira shi muna tafe. Amma ki riƙe ni."

"Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, Baba. Dafa ni."

Na dafa kafaɗarta muka fara gangarowa. Ƙirjina bai daina bugawa ba, kuma na san ba tudun ba ne. Ban san abin da likitocin za su ce ba, ban san abin da Allah ya rubuta a jinin jikokina ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Fausia?" Har ni na ji muryarsa.

Ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"Affan... ka kira su su koma. Akwatunan, a bar su inda suke."